Yadda za ku yashe kwatar layinku kafin damina, kuma aikin ya ɗore

Shekara uku da suka wuce, cikin watan Agusta, ruwa ya sauko mana wajen ƙarfe biyun dare, kafin kiran assalatu ya cika zaure ya wuce tsakar gida ya kusa kai gwiwa, ni da maiɗakina muna ta kokawar ɗora katifa da buhun shinkafa a kan sif, yara mun tara su a kan gado suna kuka, ga duhu ba wuta. Da gari ya waye muka tarar katangar ƙasa ta maƙwabcinmu ta zube ta danne masa awaki biyu, Allah dai ya tsare ba mutum a wurin. Da ruwan ya janye sai muka bi sawunsa mu ga ta ina ya ɓullo mana, ashe kwalbatin bakin layi ne ya toshe tam. Muka zura rodi muka fara jawowa, ledar fiya wata ce da baƙar leda da famfas ɗin yara da tsumma da tsohon buhun siminti, har da gidan sauro guda cur. Duk kayanmu ne wallahi, ba wanda ya taso daga wata unguwa ya zo ya zuba mana. Tun daga shekarar muke yasar kwatar layin a tare, mun yi kurakurai da dama kafin mu gane kan aikin, shi ya sa na ce bari in rubuta yadda muke yi ko wani layin zai amfana.

Amma bari in fara da raba abu biyu, don kar a ce na ɗora wa talaka laifin komai. Akwai ambaliyar da ta fi ƙarfin shebur. Abin da ya sami Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye Gwange da Monday Market har fadar Shehu, wannan ba maganar ledar fiya wata ba ce, haka ɓallewar dam ɗin Bagauda a nan Kano a 1988, haka ambaliyar 2022 da ta ci rayuka sama da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma kuma dole a ci gaba da tambayarta. Wadda nake magana a kai ita ce ta cikin gari, wadda ruwan awa ɗaya ke mayar da layi kogi saboda ya rasa hanyar wucewa. Kar kuma wani ya raina ta. A Accra, babban birnin Ghana, ranar 3 ga Yuni 2015 ruwa ya cika gari, magudanai cike da shara, mutane suka fake a wani gidan mai, man ya bi saman ruwa wuta ta kama, kimanin mutum 150 suka rasu a dare ɗaya.

Mu nan Kano abin da ya ƙara dagula mana lamari, kududdufan da iyayenmu suka bari a cikin unguwanni, waɗanda ruwan unguwa ke gangarawa ya kwanta a ciki, yawancinsu an cike su da shara an yanka filaye an yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Tunda kududdufin babu, kwata ce kaɗai ta rage masa, ita ma mun mayar da ita bola.

To ga yadda ake yi. Lokaci tukuna. Kar ku jira sai hadari ya fara haɗuwa. Mu muna yi ne a watan Afrilu ko farkon Mayu, lokacin abin da ke cikin kwatar ya bushe ya zama ƙasa da yashi, shebur na shiga yana ɗebowa salin alin, nauyinsa ma bai kai rabin na taɓo ba. In kuka bari ruwan farko ya sauka to dagwalo za ku kwasa, ga wari ga nauyi ga santsi. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, gidajen rediyo suna kawo shi da Hausa, ku saurara ku ji yaushe ake sa ran saukar ruwa a yankinku ku ja baya da kamar wata guda. Matsalar Afrilu ɗaya ce, zafi, don haka ana idar da sallar asuba a fito, kafin ƙarfe goma a tashi. Mu Asabar ɗin ƙarshen wata muke zaɓa tunda dama ranar tsaftar muhalli ce, ana taƙaita zirga-zirga da safe, 'yan kasuwa suna gida babu mai cewa yana sauri.

Kafin ranar, mutum biyu ko uku su bi kwatar da ƙafa tun daga inda ta faro har inda take zubawa, ko babban lambatu ne na bakin titi ko wani rafi. Wannan zagayen nake ganin ya fi komai muhimmanci kuma shi aka fi tsallakewa. Ku duba ina ta karye, ina aka rufe ta da silab, ina mai shago ya cike ta da ƙasa don mota ta samu hawa, ina fayif ɗin ruwan sha ya ratsa ta ciki, ina wani ya juyo da bututun banɗakinsa. Ku tambayi tsofaffin unguwa, su suka san inda ruwa yake bi tun kafin a yi gine-ginen. Wata dattijuwa a layinmu ce ta ce min, "Ɗan nan, ai ruwan nan da ba ta nan yake bi ba, ta bayan masallaci yake sauka," muka je muka duba sai ga tsohuwar hanya an toshe ta da bulo shida kacal, da aka cire su rabin ruwan layin ya koma can.

Sai maganar mutane, kuma nan ne aikin yake tsayawa ko ya lalace. Kwata ba ta san iyakar gida ba, in gida goma suka yashe gabansu na sha ɗaya ya ƙi, to duk an yi aikin banza. Kar ka tashi kai kaɗai ka fara bin gidaje kana ba da umarni, za a ce wa ya naɗa ka. Ka fara zuwa wurin mai unguwa, ka ce ranka ya daɗe ga abin da muke tunani, muna son a yi shi da sunanka da albarkarka. Daga nan liman, ya yi sanarwa bayan magariba kwana biyu ko uku a jere, hadisin nan da kowa ya sani cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne ya ishe shi hujja. Aikin gayya ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da shi aka yi noma aka yi yaɓen masallaci, tunatarwa kawai ake buƙata. Matasan majalisa da 'yan ƙungiyar ƙwallon unguwa ku ba su matsayi na gaske, a ce wannan ɓangaren naku ne ku ne shugabanninsa, ba wai a kira su ranar aiki a miƙa musu shebur kamar leburori ba. Kuma don Allah kar a manta da mata. Shekarar farko mun yi kuskuren nan, maza muka taru muka yi ta shawara a ƙofar gida alhali sharar daga cikin gida take fitowa, wanda ke ɗaure ta da wanda ke aika yaro ya zubar duk suna ciki ba wanda ya ce musu uffan. A shekara ta biyu malamar islamiyyar matan aure ce ta yi musu bayani, bambancin da muka gani ba kaɗan ba ne.

Kuɗi kuma a yi shi a fili. Mutum biyu su riƙe, a rubuta sunan kowane gida da abin da ya bayar a liƙa a bangon masallaci ko a tura a gurup ɗin WhatsApp na layin, bayan aiki a sake liƙa abin da aka kashe har kuɗin ruwan sha. Wanda ba shi da hali ya kawo ƙarfinsa, gidan marayu da zawarawa da tsofaffi a tsallake su ba tare da an yi shela ba. Masu shago da mai injin markaɗe da mai wankin mota da mai gidan wanka su ba da fiye da na kowa tunda ruwansu ya fi yawa a kwatar. 'Yan haya ma a sa su a ciki, kar a ce ai ba gidansu ba ne, ruwa in ya shigo katifarsu yake jiƙawa ba ta mai gidan ba.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. Kar a sa shebur a kwata sai an san motar da za ta kwashe abin da aka fito da shi, da ranar da za ta zo. Shekararmu ta farko mun yi aiki kamar ba gobe, muka jera tsibi-tsibi a bakin kwata tun daga farkon layi har ƙarshe, muka yi hotuna kowa na murna, muka kai takarda wani ofis aka ce mota na nan zuwa. Sati uku ba mota. Awaki suka baje, yara suka yi wasa a kai, 'yan adaidaita suka tattake, ruwan farko na sauka ya mayar da komai inda aka ɗebo shi. Ranar na ji kamar in yi kuka, kuma da muka sake kiran mutane shekara ta gaba da ƙyar suka fito, suna cewa wancan ma me ya tsinana. Don haka ku rubuta wa hukumar kwashe shara ta jiharku, mu a Kano REMASAB ce, da sashen lafiya na ƙaramar hukuma inda duba-gari suke, ku bi ta hannun kansila, a ba ku rana. Amma duk da haka ku ware kuɗin tifa ko a-kori-kura a cikin abin da kuka tara, in ta hukuma ta zo alhamdulillahi kuɗin ya zauna na gaba, in ba ta zo ba cikin kwana biyu ku kira taku. Ku kuma tabbatar inda direban zai kai, a kai juji na hukuma, don akwai masu ɗauka su zaga bayan gari su juye a cikin rafi, ka ga an ɗauke matsala daga kanku an jibga wa wasu bayin Allah.

Kayan aiki ba wasu masu tsada ba ne, shebur, manjagara, diga saboda inda ƙasa ta kafe, baro ko kwanon sarki, dogon rodi mai lanƙwasa a baki, da tsofaffin buhuna. Yawanci aro ake yi wurin magina. Abin da ba a aro kuma ba a wasa da shi shi ne takalmin roba mai tsawo da safar hannu mai kauri da takunkumi. Kar a bar kowa ya shiga da silifas, cikin kwata akwai fasassun kwalabe da reza da gwangwani mai tsatsa da allurar da aka yi amfani da ita. Wani yaro a cikinmu ƙusa ta shige masa tafin ƙafa, muka wanke da sabulu da ruwa mai yawa muka kai shi asibiti a take aka yi masa allurar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora, kar a tsaya ana cewa a shafa man birki ko a ɗaura tsumma. Mai buɗaɗɗen ciwo a ƙafa ko hannu kar ya shiga, ya tura baro. Yara ƙanana su tsaya a raba ruwa. A ajiye bokiti da sabulu a gefe, ba mai cin ƙosai ko shan koko sai ya wanke hannu sosai, amai da gudawa ta nan take shiga.

Daga ina ake farawa? Daga ƙasa, wato inda ruwan ke fita, a yi ta hawa sama. In kuka fara daga sama duk ruwan da ya kwanta zai gangaro ya taru a kan masu aiki a ƙasa, ga shi bakin bai buɗe ba. In kuwa bakin aka fara buɗewa, ana yi ruwan na tsiyayewa da kansa aikin na ƙara sauƙi. A raba mutane rukuni-rukuni, masu sara da diga a gaba, masu shebur a bayansu, masu baro suna kaiwa wuri ɗaya da aka ware nesa da bakin kwata inda mota za ta iya shiga. A yashe har sai shebur ya taɓa simintin ƙasa, ba a kwashe ledar sama a bar yashi ba, don yashin nan shi ke cinye zurfin kwatar, za ka ga kwata mai zurfin ƙugu ta koma iya idon sawu. Mai manjagara ya riƙa ware leda da roba daga ƙasa tun a wurin.

Kwalbati da duk inda aka rufe da silab a yi hattara. Kar wani ya ce shi jarumi ne ya kutsa ciki da rarrafe. Ƙazantar da ta daɗe a rufe tana tara iska mai guba, wani lokaci za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, tana iya sumar da mutum nan take, irinta ce ke kashe masu shiga rijiya da masu yasar masai, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma can yake zama. A ɗaga silab a bar wurin ya sha iska, a yi aiki daga waje da rodi da dogon shebur. In kwalbatin dogo ne ya ratsa ƙarƙashin titi to wannan na ma'aikata ne masu kayan aiki, ku kai rahoto ku yi ta bibiya. In kun ga wayar wuta ta faɗo ciki ko fayif ɗin ruwan sha ya fashe a cikin kwata, a tsaya a gyara shi tukuna, fayif ɗin da ya tsage a cikin dagwalo in aka ɗauke ruwa yana zuƙo ƙazantar ne ya kai wa mutane har randa.

Rigima kuwa sai an yi, gara ku shirya mata. Mai shagon da ya cike kwata don kwastoma su samu wurin fakin ba zai ji daɗi ba. Kar matasa su je da diga su fasa masa, a bar mai unguwa da dattawa biyu su same shi cikin mutunci, kuma a je masa da mafita, a ce Alhaji a buɗe a sa silab mai ɗagawa ko ƙarfe mai raga, ga wanda zai yi maka da sauƙi. Yawanci in ba a kunyata mutum a gaban jama'a ba yana yarda. Wanda ya juyo da bututun masai cikin kwata shi kam ba sassauci, a ba shi lokaci ya haƙa sokawe, in ya ƙi a kira duba-gari, don lafiyar yaran layi gaba ɗaya ce.

Bayan an gama sai babban aikin, hana ta sake cika. A nan ne na gane yawancin masu zuba shara a kwata ba mugunta ba ce, rashin wurin zubawa ne. Uwa ta ba yaro ko almajiri bokitin shara da naira hamsin, bola tana da nisa, yaro ya waiga ba kowa ya juye a kwata ya dawo. Wasu kuma da gangan suke jira hadari ya haɗu su fito da shara wai ruwa ya tafi da ita, to ina yake kai ta in ba ƙofar gidan na ƙasa da kai ba? Abin da muka yi, muka samu wani mai kura muka yi yarjejeniya yana zagayowa sau biyu a sati kowane gida na ba shi ɗan abin da aka yanka, shi ya samu sana'a mu mun huta. A cikin gida kuma buhu biyu, ɗaya na roba da ledar fiya wata da gwangwani, wannan kuɗi ne, 'yan jari bola suna saye a kan kilo su kai wa masu narkawa, yaran gidana da kansu suke tarawa yanzu saboda kuɗin nasu ne. Ɗayan na sauran shara. Toka da ɓawon kayan miya da kashin awaki kuwa taki ne, manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen sharar birni suna kai wa gona, abin da ya ɓata harkar yanzu leda ce da ta cakuɗe da komai. A rariyar gida inda ruwan wanke-wanke ke fita a sa 'yar raga ta waya, za ka sha mamakin abin da take tarewa a rana ɗaya.

Kar a ƙona leda don Allah. Na san ita ce hanya mafi sauƙi kuma kowa na yi da yamma, amma hayaƙin nan guba ne, masu asma da jarirai da tsofaffi su ke shan wahalarsa. Rage karɓarta ya fi. Ka je wurin mai kayan miya ya sa maka tumatir a leda, attaruhu a leda, albasa a leda, sannan ya haɗa duka a wata ledar, guda huɗu kenan a cefane ɗaya. Da kwando ko jakar buhu iyayenmu suke zuwa kasuwa, da kwano ake sayo koko da wake da shinkafa, ba abin kunya ba ne a koma. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, kuma ba a daina ciniki a kasuwanninsu ba. Ka tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa a tumbin saniya ko akuyar da ta yi kiwo a cikin gari, wani lokaci dunƙulen leda ne ya cika cikin, dabba tana ci tana ramewa mai ita bai san dalili ba.

Ranar da kuke yasa ku haɗa da cike ƙananan ramukan layi da ƙasa ko ɓaraguzan gini. Sauron da ke yawo a kwata mai wari ya fi ƙwarewa a hana barci, mai kawo zazzaɓin maleriya kuwa ya fi son ruwan sama da ya kwanta a fili rana na dukansa, irin na sawun tayar mota da ramin da aka ɗebi ƙasar gini, kuma cikin sati ɗaya zuwa biyu ƙwansa ya zama sauro mai tashi.

Yasa ɗaya ba ta kai ku ƙarshen damina. Bayan ruwan farko mai ƙarfi ku fito ku duba, don shi ke kwaso duk sharar rani daga unguwannin sama ya kawo muku, minti talatin da manjagara a bakin kwalbati ya isa. Sannan a sake yin ƙaramar yasa a ƙarshen Yuli kafin Agusta ta shigo da ruwanta. Mu mun sa wa bakin kwalbatin namu raga ta rodi da wani mai walda a layin ya haɗa mana kyauta, muka raba kwanaki, gida biyu kowane sati su ke da alhakin kwashe abin da ta tare, sunayen suna nan a rubuce a jikin allon masallaci. Ragar tana da sharaɗi, in ba za a riƙa kwashewa ba gara kar a sa, don ita kanta sai ta zama toshiya. Bana satinmu ya faɗo a tsakiyar Agusta, ni da babban ɗana muka fita da tocila bayan isha'i ana yayyafi, muka cika buhu biyu da leda, muna tsaye muka ji ruwan ya fara wucewa ta ƙarƙashin titi da ƙara.